Tsufan Gajimare

Mai Barga ya sayo Gajimare yana duƙushi, a shekarar da matarsa ta haifi autansu. Dokin Larabawa ne, mai faɗin goshi da siririn baki, idan ya yi sukuwa wutsiyarsa a sama take kamar tuta. Ya ci tsere iya ci, har ranar da jijiyar ƙafarsa ta gaba ta tsinke. Likitan dabbobi ya ce gudu kam ya ƙare, amma jini irin wannan ba a wasa da shi. Daga nan aka ajiye shi don barbara.

Mutane suka riƙa kawo goɗiyoyinsu daga nesa, a manyan motoci. Duk ɗan da ya haifa sai ya ɗauko goshin da wutsiyar, ya ɗauko gudun. Kafin a jima, duk filin tseren da aka je sai an tarar da ɗansa ko jikansa a gaba. Shi kuwa yana ɗaki guda shi kaɗai, don ingarma ne, ba ya zama da wani ba faɗa. 'Ya'yan nasa ma sai dai ya ji haniniyarsu ta bayan katanga.

Matar Mai Barga ta tsani dokin nan. Mijinta ya san sunan kowane jikan Gajimare da uwar da ta haife shi, amma nasa jikokin sai ya kira wannan da sunan wancan, yara su yi ta dariya, ita ta kau da kai. Ranar da babbar 'yarsu ta sha wuyar haihuwa a asibiti, yana barga, wai wata goɗiya ma tana naƙuda.

Da shekaru suka ja, Gajimare ya yi fari fat, bayansa ya lotsa, haƙoransa suka cinye. Goɗiyoyi suka fara komawa gida ba ciki. Mai Barga bai yi wata-wata ba ya sa aka mai da shi ɗakin baya, kusa da inda ake tara kashin dawaki, ya ba wani ɗan Gajimaren babban ɗakin. Tun daga ranar bai sake leƙa shi ba.

Matar Mai Barga ce ta fara jin tarin dokin daga tagar kicin. Da ta zagaya, ta tarar da ciyawa jibge a gabansa, yana taunawa tana zubowa dunƙule-dunƙule. Ta tsaya tana kallonsa, tana neman haushin da ta daɗe tana ji, ba ta same shi ba. Washegari ta jiƙa dusa da ruwan ɗumi ta kai masa a tsohon baho. Haka ta ci gaba, safe da yamma. Ya gane takunta, da ta doso sai ya ɗora haɓarsa a kan ƙofa.

Ana nan sai ƙungiyar masu kiwon dawaki ta aiko cewa za ta zo ta karrama Gajimare, uban dangi. Mai Barga ya sa aka share gida, aka kafa rumfa, matarsa ta wuni a gaban murhu. Ta ɗauka za a wanke tsohon, har ta nemo buroshi ta taje masa geza. Amma da baƙi suka zauna, ɗan ne aka fito da shi, fari kamar ubansa, yana rawa a hannun mai riƙe da ragama. Aka yi ta tafi. Mai Barga ya dafa wuyansa ya ce ga Gajimare nan, tsufa ma tsoronsa yake ji. Baƙi suka jeru suna ɗaukar hoto.

Da aka watse ta same shi a falo yana goge kofin da aka ba shi.

"Maigida, wanda suka zo gani yana baya," ta ce.

"Suna suka zo gani," ya ce, bai ɗago ba. "In suka ga waɗancan ƙasusuwan, wa zai sake kawo mini goɗiya?"

"Ka je ka duba shi ko sau ɗaya. Ba ya iya tashi sai an ɗaga shi."

Ya ce gobe. Goben ba ta zo ba.

Gajimare ya mutu da hantsi, ana tsakiyar damina, kansa a kan ƙafarta. Mai Barga yana wajen gwanjon dawaki, ya yi waya ya ce a kira mai tarakta. Aka ɗaura igiya a ƙafafun baya, aka ja shi cikin taɓo zuwa wani rami a ƙarshen gona. Ita kaɗai ta bi su, da bahon a hannu, ba ta ma san ta ɗauko shi ba.

Bayan wata biyu sai ga magina. Suka gina kabari na farin dutse a bakin ƙofar gida, inda kowa zai gani, aka rubuta sunan dokin da na manyan 'ya'yansa. Babu komai a ƙarƙashinsa sai yashi. Baƙi na zuwa har yanzu, Mai Barga ya tsaya a gaban dutsen, murya na rawa, ya ce bai taɓa rabuwa da dokin nan ba har numfashinsa na ƙarshe. Sannan ya leƙa kicin ya ce mata ta kawo wa baƙi shayi.