Gudun Asubar Khalid

Tun da Khalid ya dawo Zurgu hutu daga ƙungiyar ƙwallon da ta ɗauke shi a Kano, kullum aka idar da sallar asuba sai ya ɗaure takalmi ya fita gudu, kamar yadda kociyansu ya umarta. Mutanen gari suna ta yaba masa. Amma Iya, mahaifiyarsa, ita ke masa wanki, kuma ta lura rigar gudun tana dawowa a bushe ƙamas, ko tsamin gumi babu.

Sai ta sa masa ido. Ta ga ya rage hira, yana yawan kulle ɗaki, in wayarsa ta yi ƙara sai ya duba ya kife ta.

Ran nan Jumai mai nono ta shigo daga ruga, tana sauke ƙwarya ta ce, "Iya, ɗan ƙwallonki lafiya kuwa? Kullum sai na wuce shi zaune a gindin tsamiyar hanyar Dawaki, ya haɗa kai da gwiwa."

Iya ta shiga tunani. Korarsa aka yi yake ɓoyewa, ko shaye-shaye ya fara? Khalid yana shiga wanka ta zazzage jakarsa, sai ga ƙwayoyi a ƙulle cikin safa. Da ya fito ya tarar da su a kan tabarma.

"Zauna. Mene ne wannan?"

"Maganin ciwo ne, Iya."

"Ciwon me, kai da kake gudu kullum?"

Ya naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura suntum. Ya ce tun wasan ƙarshe ya ji ciwon, in ya faɗa, wani za a ba gurbinsa.

Iya ta danna wurin da yatsa, tana kallon fuskarsa. Ya cije leɓe har da ƙwalla. Duk da haka ba ta gama yarda ba.

"Kira kociyan naka yanzu, ka buɗe murya in ji."

Ya kira. Kociyan ya yi faɗa sosai, ya ce ɗan wasan da ke ɓoye rauni kansa yake kashewa, gobe ya zo likita ya duba shi.

Washegari Iya ta yafa mayafi ta bi shi har tashar Rano. Sai da ta ga motar Kano ta tashi da shi a ciki, sannan ta juyo gida.