Layi Uku na Argungu

A shekarun da Jihar Kebbi ba ta gama zama da gindinta ba, in mutum yana son aika saƙon intanet a Birnin Kebbi, shagon Olatunji da ke unguwar Nasarawa zai nufa. Olatunji ɗan kasuwa ne da iyayensa suka zo daga kudu, amma Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Yana da reshe a Argungu, ƙanwarsa Wuraola ce ke riƙe da shi, kuma malaman makaranta da dillalan shinkafa sun saba da wurin.

Shagunan biyu kuwa, ransu yana cikin wani akwatin ƙarfe mai fitilu kore da ake kira suwic. Duk wayar da ke shagon Nasarawa a jikinsa take ƙarewa, har wadda ta hau dogon ƙarfe tana magana da Argungu ta iska. Wani injiniya ne daga Legas ya saita shi, ya zuba masa lambobin da ke haɗa garuruwan biyu, ya tafi. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mai kula da akwatin shi ne Abdussamadu, ɗan gidan Malam Nu'uman mai rubutun littattafai. Gidansu tun kaka da kakanni da tawada aka san su. In almajirin Malam ya gama kwafe littafi, sai an zauna an gwada shi da uwar littafin layi bayan layi, abin da suke kira muƙabala. In ya fita lafiya, Malam ya sa wata 'yar alama a gefen shafin ƙarshe da hannunsa. Abdussamadu ya yi shekara shida yana kwafi, bai taɓa samun alamar nan ba, don Allah ya yi shi da gaggawa. Da ya koma boko, Malam bai hana shi ba, bai kuma taɓa taka shagon ba. In an tambaye shi sana'ar ɗansa, sai ya ce, "Shina can wajen wayoyi." Maganar tana yi wa Abdussamadu ciwo, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

To, sai suwic ya tsiro da wani hali. Kwana biyu, kwana uku, sai ya sandare, sai an kashe an kunna. Abdussamadu ya bincika, ya gano manhajar da ke cikinsa ce ta tsufa, kuma masu ƙera shi sun fitar da sababbi biyu. Olatunji ya ce a ɗauko ta bayan nan, shi a wurinsa sabo ai sabo ne. Abdussamadu ya ƙi, ya zaɓi wadda ta shekara a hannun mutane, an ga kamun ludayinta. Kwana huɗu ana sauko da ita, wuta na ɗaukewa ana komawa farko.

Matsalar ɗaya ce. Da an zuba sabuwar manhaja, suwic zai manta duk saitin da ke kansa, sai an sake rubuta masa. In lambobin Argungu suka ɓata, babu mai su a duniya, reshen Wuraola ya rufe ke nan. Firinta ta mutu tun watan azumi, faifan ajiya na filofi kuwa zafin gari ya sha cinye masa aiki. Sai ya sayi littafin rubutu mai bango ja, ya kwafe saitin da biro.

Suka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da gari ke yin tsit kowa yana gida. Ranar ta zo daidai da ciwon gwiwar Malam ya motsa, Abdussamadu ya ɗauko shi a babur daga masallaci.

"Baba, mu ɗan biya shago, ba ni daɗewa."

Malam bai so ba, amma ya shiga. Olatunji ya durƙusa ya gaishe shi, ya jawo masa kujera kusa da fanka. Abdussamadu ya dubi allon kwamfuta, ya dubi littafinsa sama-sama, ya rufe, ya kai hannu zai danna.

"Mi kar rubuta cikin wanga littahi?" in ji Malam.

"Abin da ke ga allo na, Baba. In na danna nan, shi goge, sai in mayar daga littahi."

"Watau uwa za ta tahi, kwahi shi zauna." Malam ya gyara zama. "Kun yi muƙabala?"

"Na duba."

"Ban ce ka duba ba."

Olatunji ya saci kallon agogo, ya haɗiye dariya. Malam bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ya matso ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya shiga ƙirga layuka, yana sa ɗansa ya gangaro da rubutun. Sittin da huɗu. Ya karɓi jan littafi ya ƙirga. Sittin da ɗaya.

"Ukku sun tahi yawo," ya ce. "Nemi wurin da layi biyu sunka soma da kalma guda. Nan ido ka tsallake. Tun kana ƙarami nan kaka faɗuwa."

Ya sa Olatunji ya riƙa karanta allo da ƙarfi, Abdussamadu yana bi da yatsa a littafi. A layi na arba'in da wani abu suka tsaya. Layuka biyu ne masu farko iri ɗaya, idonsa ya yi tsalle daga na sama zuwa na ƙasa. Ukun da ya tsallake su ne lambobin Argungu.

Ya cike su a gefe, suka sake bi tun daga farko, sannan ya danna. Fitilu suka mutu, suka dawo ja, suka daɗe a haka har Olatunji ya fita ƙofa ya dawo. Daga bisani suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Abdussamadu ya mayar da saitin layi-layi, wannan karon ba gaggawa. Ana kiran la'asar saƙon Wuraola ya faɗo allo daga Argungu, tana tambaya ko sun fara aikin.

Malam ya miƙa hannu. "Ba ni abin rubutunka."

Ya juya biron a hannunsa kamar bai yarda da shi ba, ya buɗe shafin ƙarshe, ya yi ɗan rubutu a gefe, ya tashi yana dafa gwiwa. "Kai ni gida."

Yau shagon Nasarawa ya zama wurin sayar da taliya, kowa intanet ɗinsa na aljihu. Suwic ya tafi wurin 'yan gwangwan, Malam Nu'uman ma ya riga mu gidan gaskiya. Abdussamadu yana kula da na'urorin da suka ninka wancan sau ɗari, kuma abokan aikinsa suna tsokanarsa don ba ya danna komai sai an karanta masa yana bi. Jan littafin yana cikin akwatin littattafan gidansu, tare da rubuce-rubucen kakanni. Shi kaɗai ne na boko a ciki, kuma shi kaɗai ne aikin Abdussamadu da ke ɗauke da alamar mahaifinsa.