Rigar Gola ta Uku

Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗinka wa 'yan matan hokin ƙanƙara na Jami'ar Kettle Bay riguna, kuma ba a haifi wanda zai ce ya taɓa ganin tambarinmu a karkace a ƙirjin wata ba. Kifi ne mai haƙora, ya ciji sandar wasa. Mummuna ne, na sani. Sau biyu manyan jami'a suna ɗauko masu zane daga birni wai a sabunta shi, sau biyu garin nan yana tashi tsaye har da tsofaffin coci, dole aka bar mana kifinmu. Ɗakina yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, kusa da injin wanki. Sunana Marlys, amma rabon da wani ya kira ni da shi a ginin nan har na manta. Kaka suke ce mini, har da koci.

Faifan da ake bugawa na baƙar roba ne, in ya daki farar riga sai ya bar mata baƙin tabo. Aikina duk mako in fitar da tabon, in ɗinke inda sanda ta yaga. Rana ɗaya ce tak a shekara ba na wanki. Ranar wasan ƙarshe a gida, duk yarinyar da za ta gama karatu tana cire rigarta a kan ƙanƙara ta miƙa wa iyayenta, da guminta da tabonta. A falo ake rataye ta. Ka shiga gidajen garin nan ka gani, baƙi na shan kofi suna ƙirga tabo da ɗinki, suna cewa wannan yarinya ta sha wuya.

To, akwai riga ɗaya da shekara huɗu allurata ba ta taɓa shiga ba tun ranar da na manna mata kifi da lamba talatin da ɗaya. Ta Brita Kangas ce, golarmu ta uku. Gola ta uku kuwa aikinta a ranar wasa buɗe wa 'yan wasa ƙofar benci. A wajen atisaye ita ce ke shan duka, ana gama wa manyan gololi sai a ce Brita ta shiga raga, kowa ya sauke mata abin da ya rage a hannunsa. Amma da rigar atisaye take shan dukan, wata toka-toka marar tambari. Farar kuwa ta saka, ta tsaya a ƙofa, ta cire, ta dawo mini da ita ko gumi babu. Ina son yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. Ita kaɗai ce take juya safarta kafin ta jefa a kwandon wanki.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu wasan ƙarshe, ina kan keken ɗinki sai ga ta ta shigo ta turo ƙofa. Ta zauna a kan kwandon tawul tana ta murza wani abu a aljihu.

"Kaka, sannu da aiki."

"Yauwa. In kin zo cin burodina ne, 'yan baya sun riga ki."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sannan ta fito da faifai ta ɗora a kan teburin yanka.

"Taimako nake so. Ki ɗan goga mini shi a rigata. Wuri biyu kawai, ko uku. Ba wanda zai sani."

Na cire tabarau na dube ta. "Ni za ki sa ƙarya da tsufana?"

"Babana zai zo, Kaka. Ya ɗauki hutu daga aikin haƙar ma'adinai. Tun ina shekara huɗu yake fita cikin sanyi da tiyo yana zuba ruwa a bayan gida don in sami ƙanƙarar koyo. Ya riga ya buga ƙusa a falo. Kowa a miƙa masa riga mai tabo, shi in miƙa masa sabuwa kamar daga kanti?"

Maganar ta soke ni, amma na daure. Na ce mata tabon gaske yana da jela, yana nuna ta inda faifan ya fito da inda ya nufa, na goge kuwa kamar an shafa gawayi ne, duk wanda ya taɓa tsayawa a raga zai gane. Na ce ta ɗauke abinta. Ba ta yi musu ba, ta ce in yi haƙuri, ta fita. Faifan dai a kan tebur ta bar shi, ban sani ba ko mantuwa ce ko wayo.

Ban ƙarasa ɗinkin ba na hau sama wajen koci. Sunanta Rhonda Skalicky, ni na ɗinka mata rigarta ta farko tun tana ɗaliba, saboda haka ba na ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Kaka, na san abin da ya kawo ki," in ji ta, idonta na kan bidiyo.

"To tunda kin sani, ki rage mini hawan bene."

"In muka faɗi ranar Asabar, wasan neman kofi a Dakota za mu buga shi, ba a gida ba. Yara ashirin da uku nake riƙe da su, ba ɗaya ba."

"Minti biyu, Rhonda. Shekara huɗu tana buɗe miki ƙofa."

Ta daɗe tana murza goshi. "In muna gaba da ci uku a ƙarshen zango na uku, na ƙarshe, zan sa ta. In biyu ne kada ma ki dube ni."

Na ce na ji. Na sauko, na ɗauki faifan nan na jefa a aljihun rigar aikina. Na ce wa raina ajiya ce kawai, amma ni na san abin da nake saƙawa in abin ya ƙi.

Asabar ƙarfe biyu na rana gini ya cika maƙil. Na hango Arvo Kangas, baban Brita, a layi na uku bayan ragarmu, dogo, da hular aiki, ya riƙe burodin nama a takarda bai ko gutsira ba. Ni kuwa ina inda na saba, a bakin rariyar da ke bayan benci, da allura da zare ko ta kwana.

'Yan Dakota ba su zo wasa ba. Zango na farko kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Na biyu muka ƙara. Da aka shiga na uku kyaftin ɗinmu Greta Moen ta zura na uku, na fara ƙirga da yatsu kamar wadda ba ta yi makaranta ba. Agogo na ta ci. Saura minti biyar, saura huɗu. Brita na buɗe ƙofa tana rufewa, tana buga wa kowa kafaɗa, ko sau ɗaya ba ta dubi agogon ba. Saura minti uku da 'yan daƙiƙu wata ƙaramar yarinya 'yar aji ɗaya, wadda ko sanda ba ta iya riƙewa da kyau ba, faifai ya bugi gwiwarta ya gangara raga. Huɗu da ɗaya.

Ban dubi Rhonda ba, na rantse. Ita ce ta juyo ta dube ni, sannan ta ce, "Talatin da ɗaya, ɗauki hularki."

Kai, zo ka ga gini. Ɗalibai na dukan gilashin da ya kewaye filin, 'yan benci na buga sanduna. Golarmu ta ɗaya ta fito da gudu ta rungume Brita a tsakiyar fili. Brita ta isa raga, ta kankare gabanta da takalmi kamar yadda suke yi, ta taɓa ƙarfen dama da na hagu, ta duƙa. Farar rigar nan tana ta ƙyalli, kifina a tsakiya.

Daga nan ne yaran nan suka fara ba ni haushi. Kowace a cikinsu ta sha alwashin ba za a ci Brita ba a wasanta ɗaya tilo. 'Yar Dakota ta ɗaga sanda, sai Greta ta zube a gabanta, faifai ya daki ƙaurinta. Aka sake kawowa, wata ta tare da cinya. Na uku, 'yar aji ɗayan nan ta kwanta ruf da ciki ta tare da haƙarƙari. Duk wadda ta tare sai ta tashi tana ɗingishi tana murmushi, ta juya ta daki takalmin Brita da sanda, wai ga shi mun tsare miki. Jama'a na ta tafi. Riguna biyar suna ta kwasar tabo, ta shida tana tsaye a bayansu fes.

Ni na san ba su san komai ba, don Brita ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Amma saura minti ɗaya na kasa haƙuri. Na tura kai ta kafaɗar Rhonda.

"Ku bar su su buga, 'yan banza! Ku matsa!"

Rhonda ta juyo baki buɗe. "Kaka, kin san wa kike goyon baya kuwa?"

"Ki gaya wa waccan Greta ta daina kwanciya kamar tabarma."

Hayaniya ta hana su ji. Saura daƙiƙa ashirin aka tsayar da wasa, za a jefa faifai a gefenmu. Na ga Brita ta ɗaga hularta ta kira Greta, ta gaya mata wani abu a kunne. Greta ta girgiza kai. Brita ta sake faɗa, wannan karon da ɗan ture ta. Daga baya Greta ta gaya mini abin da ta ce: "Don Allah ki bar ni in yi aikina sau ɗaya."

Aka jefa, 'yan Dakota suka ci faifan, aka mayar wa babbar 'yar bayansu, wata ƙatuwa mai hannu kamar na maƙeri. Ta ɗaga sanda har sama. Greta na gabanta, gwiwarta har ta fara sauka don sabo, sai ta ja jiki gefe.

Na ji ƙarar bugun. Na ce a raina, ƙirji, ƙirji, Allah ka sa a ƙirji, a kan kifin. Amma ƙatuwar nan ta iya aikinta, kusurwar sama ta nufa, inda ba riga. Sai hannun hagun Brita ya tashi. Ban ga tashinsa ba ma, na dai ga safar hannun a sama, a rufe, alƙaliyar wasa na busa usur. Ta cafe shi cak, ko gezau.

Ginin ya kusa rushewa. Ni kaɗai na tsaya da hannu a aljihu, ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Daƙiƙun da suka rage suka ƙare a can gefensu. An tashi huɗu da ɗaya, rigar tana nan fara fat.

Aka shimfiɗa dardumar da iyaye ke takawa a kan ƙanƙara. Ni ke tsayawa a ƙarshenta ina taya yara cire riga ta kan kayan kariya. Masu gamawa su biyar ne. Ta Greta kamar an ja ta a garejin mota, uwarta ta karɓa tana kuka tana ƙirgawa. Da aka zo kan Brita na ja rigar ta kanta, ta zo hannuna. Muka haɗa ido. Daƙiƙa biyu kawai nake buƙata in juya baya in goga mata faifan da ke aljihuna, kuma ta san da haka. Ta girgiza mini kai a hankali, ta karɓi abarta.

Arvo ya taho yana taka dardumar kamar mai tsoron ta karye. Ta miƙa masa.

"Baba, yi haƙuri. Ba ta da ko ɗaya."

Ya damƙa mini burodinsa in riƙe masa, ya goge hannuwansa a wando, ya karɓa. Ya ɗaga ta ya duba gaba, ya juya baya, ya duba hannuwa ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai duba tayar mota kafin tafiya.

"Faifan bai taɓa ki ba?"

"Bai taɓa ba."

"To ina kike so tabo ya fito? Gola mai tara tabo a ƙirji ai hannunta ne ya makara." Ya share hanci da bayan hannu. "Kusurwar sama ta nufa, 'yata. Ina zaune a bayanki, na gani. Shekara goma sha takwas nake jiran in ga hannun nan a gaban mutane."

Ta kifa kai a kafaɗarsa. Da ta ɗago sai ya cire hularsa ya zura rigar a kan kwat ɗinsa. Rigar gola ce, ta yi masa yawa har gwiwa. Na ce masa ai ta bango ce, ba ta sawa ba.

"Bango ya jira," in ji shi. "Litinin da ita zan je aiki."