Atamfar Da Aka Kushe

Isyaku ya gama makarantar Midil yana ganin duk wanda bai iya riƙe fensir ba a cikin duhu yake. Alhaji Ɗantani mai kantin atamfa ya ɗauke shi gwajin wata uku, daidai lokacin da kamfani ya aiko da ƙyallaye biyu, kore da ja, a zaɓi wanda za a kawo daga Ingila.

Alhaji ya ce, "Kai ne mai boko, ka zaɓa. In kaya suka yi kwantai, ka nemi wani ubangidan."

Isyaku ya ce shi ba ya canke, masu saye zai tambaya. Kwana shida yana bin zaurukan Dala yana sallama. Maigida ya shiga da ƙyallayen wurin matan, ya fito da amsa, shi kuma ya rubuta. Gida sittin ya yi. Koren ya sha yabo kusan ko'ina. Jan kuwa an ce zai zuba, an ce ba kauri, wata ma ta ce ko kyauta sai ta yi shawara.

Yana zaune yana jin daɗin lissafinsa sai ga gwaggonsa Turai, dillaliya, wadda ta shekara talatin tana shiga gidaje da kaya a ka. Ta ce ya karanta mata. Bai kai rabi ba ta fara dariya har da dafe ƙirji.

Ta ce, "Gida nawa suka tambayi kuɗin koren?"

Ya duba. "Babu."

"Jan fa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Ɗan nan, matar da ta yabi kayana, ruwa kawai nake sha a ɗakinta in tashi. Wadda ta juya shi ta yamutsa fuska, da ita za mu yi ciniki. Wa zai yabi abin da zai saya, a tsawwala masa?"

Abin ya yi wa Isyaku ciwo ƙwarai, don Gwaggo ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma da safe ya je ya gaya wa Alhaji cewa lissafi ya nuna ja. Sunan Gwaggo bai fito daga bakinsa ba.

Jan ya iso, kwana tara ya ƙare ƙaf.

Ranar da gwaji ya cika, Alhaji ya kira shi, ya dube shi sama da ƙasa, ya yamutsa fuska. "Rubutunka duk a karkace, ba ka da sauri, ga surutu. Ban san abin da zan yi da kai ba."

Gaban Isyaku ya faɗi. Sai ya sake duban fuskar nan da kyau, ya gyara zama.

"Gaskiya ne, Alhaji. Nawa ka taya?"

Alhaji ya sosa gemu. "Fam uku a wata."

Isyaku ya ce, "Albarka."