Idon Hawainiyar Baba Zali

"Haska nan, Yalwa. Idon nata nake son gani."

Yalwa ta karkata fitilar wayarta tana ɗauke kai. Tuwo ta kawo wa Baba Zali, maƙwabcinta a gidan haya da ke bayan titin Mansur, sai ta tarar da shi zaune a ƙasa, hawainiyarsa maƙale a yatsansa. Idon hawainiyar na hagu ya kumbura ya rufe ruf.

Baba Zali mutumin Damagaram ne. Hajji ya kawo shi Makka tun da ƙarfinsa, bai koma ba. Ya yi dako, ya tura keken tsofaffi a wajen ɗawafi, da ƙafa ta gaza ya koma sayar da asuwaki. Hawainiyar kuwa Rabe direba ne ya tsince ta cikin kayan lambun da ya ɗauko daga Jizan. Mutanen gidan suka yi ta tsaki, Yalwa ma haka, amma tsohon ya haɗa mata keji da waya, ya sa mata reshe, ya riƙa kamo mata ƙwari.

Yana haki yana yi mata bayani. Ya ce da ƙura ce ko guntun saɓa ya shiga idon, da ta riƙa goga shi a jikin reshe, ga shi ba ta gogawa. Da kuma abinci ne bai karɓe ta ba, da idanun duka biyun sun lalace tare. Ya ɗiga mata ruwa, ya jira, bai ga mugunya ba. Ita Yalwa ƙafafunsa take kallo, sun kumbura sun daina shiga takalmi.

"Baba, ka bari Rabe ya kai ka asibiti."

"Ba ni da iƙama, 'yata, takardar izinin zama. In sun warkar da ni jirgi za su sa ni. Wa na sani a can yanzu?"

Rabe ya ɗauki hoton idon ya kai wa wani likitan dabbobi a Aziziyya. Likitan ya ce hoto ba ya isa, wataƙila ƙarancin rana ne, wataƙila ciwo ne a bayan idon, sai an kawo ta. Baba Zali ya ce da kansa zai kai ta idan ya ji dama. Kafin nan Yalwa ce ke hawa da kejin saman bene da safe hawainiyar ta sha rana, don shi matakala ta fi ƙarfinsa.

Ranar Alhamis ta sauko da kejin ta same shi kwance, ya juya ga bango.

"Ya buɗe?"

Ta duba. "Bai buɗe ba, Baba."

"To."

Kafin la'asar ya cika. 'Yan sanda suka zo, suka yi tambayoyinsu, aka ɗauke shi. Sai bayan kwanaki aka ba da gawar, aka yi masa salla a Harami, maza suka wuce da shi maƙabarta. Yalwa ta zauna cikin mata tana amsa gaisuwa. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

Daga baya Rabe ya kai hawainiyar wurin likitan. Mugunya ce ta taru can ciki, ta daɗe. Likitan ya matse ta, ya ce idon ya tafi amma dabbar za ta rayu, ya kuma karɓe ta. Yalwa ta ce Allah ya saka, ta ci gaba da wanke tukwanenta.

Da mai gida ya aiko a kwashe ɗakin, ita ta shiga da tsintsiya. Kayan ba su cika buhu biyu ba. Ta naɗe tabarmar, sai ta ga wajen da take ya fi sauran simintin haske. Ta tsaya riƙe da tsintsiyar, fanka na ta juyawa a samanta.