Wanda Zai Faɗa wa Goggo

Tausayi ne ko taurin kai ya hana matar Malam yi wa mijinta wannan ɗan taimakon? Shi kansa Malam, wanda ya fi kowa saninta, ya juya tambayar a ransa har ya gaji, bai sami amsar da ta zauna masa ba.

Ita ce shugabar sashen kula da ma'aikata a wani babban kamfanin sufuri. Ɗaukar aiki, ƙarin girma, sasanta rigima, sallama, duk ta teburinta suke bi. Shi kuwa lissafi yake koyarwa a sakandare, kuma tun da aka ba ta muƙamin yake ce mata Manaja, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi ta. Babban ɗansu yana makarantar kwana. Ƙaramar, Auta, ba ta isa shiga aji ba, saboda haka a hannun Goggo take wuni.

Goggo ƙanwar mahaifin Malam ce. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita ta yaye shi, kuma har yau da furfura ta fara leƙo masa Dogo take kiransa. Idonta ya daɗe da fara rauni. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya furta. In ta wanke kwanuka, Malam yakan faki ido ya sake ɗauraye su. In ta sa wa Auta riga a bai-bai, a juya ta a bayan ƙofa. Ran da ta zuba masa gishiri a shayi, shanyewa ya yi, har da sa mata albarka.

Wata safiya Manaja ta fita, ta tuna ta bar katin shiga ofis a kan firji, ta dawo. Ta tarar da Goggo a falo, Auta a cinyarta, cokali cike a hannunta. Yarinyar na fama da tari, amma kwalbar da ke buɗe a gefe ba ta maganin tari ba ce, man da Malam yake shafa wa gwiwarsa ne. Kwalaben biyu tsayinsu ɗaya, murfinsu fari. Manaja ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Kawo, Goggo, yau ni zan ba ta," ta karɓi cokalin ta shiga kicin da shi.

Da yamma ta faɗa wa Malam, tana yanka albasa, wayarta na kan taga tana ta ƙara. Ya jingina da bango.

"Dole a faɗa mata," in ji shi.

"Dole."

"To ki samu lokaci. Kin san yadda ake tsara irin wannan maganar."

"Ba ni zan faɗa ba."

"Haba, Manaja! Ke da kike zaunar da ƙarti masu gemu ki ce musu aiki ya ƙare, tsohuwa ɗaya za ta gagare ki?"

"Ba gagara ta ta yi ba. Ni ta goya ko kai?"

"Shi ya sa na kasa ai! Ta yaya zan dubi matar da ta share mini majina in ce mata ba ta iya riƙon yaro ba?"

Ta aje wuƙar. "In ni na faɗa, abin da za ta ji shi ne matar ɗanta ta gaji da ita. In kai ka faɗa, za ta ji zafi, amma za ta san gaskiya ce. Ka faɗa, ina gefenka. Ko minti ɗaya ba zan bar ka kai kaɗai ba."

"Ba zan iya ba," in ji Malam, ya fice.

Ya zaci za ta sake tayar da zancen. Ba ta tayar ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki nauyin shirunsa ta ɗora a kanta. Ta kwashe magunguna ta kai saman kabad. Ta koma tashi da sassafe tana gama girkin rana kafin ta fita, don kada Goggo ta kunna murhu. Ya ga ranar da take yi wa Auta kitso da hannu biyu, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana lallashin wani direban babbar mota da ya rantse sai ya ajiye aiki. Sannan ta fara tafiya da yarinyar ofis, da jakar kayan wasa a kafaɗa ɗaya, kwamfuta a ɗayar. Ƙarya ba ta iya ba, don haka abin da take ce wa Goggo kawai shi ne, "Yau da ni za ta wuni."

Goggo ba yarinya ba ce. Ta daina amsa gaisuwar Manaja da fara'a. Wata rana Malam ya ji tana faɗa wa bango, da muryar da aka yi don a ji, "Masu ofis sun ƙwace 'yarsu. Mu ƙauyawa hannunmu da datti." Manaja na tsaye a bakin ƙofa da takalmi a hannu. Ta ji sarai. Ta durƙusa ta ce, "Sai mun dawo, Goggo," ta ja hannun Auta.

Abin ya tsaya wa Malam a rai. Ya riƙa ce wa kansa ai da ta buɗe baki ta yi jimla biyu, da duk wannan wahalar ta ƙare. Wani lokacin haushinta yake ji. Wani lokacin, in ya ga ta yi barci a zaune kan kujera da ɗankwali a zame, kansa yake jin haushi.

Ran nan ta kira shi ta ce ya biyo ya ɗauki Auta in an tashi daga makaranta, tana da zama mai nauyi. Ya hau bene ya zauna a kujerar baƙi, a wajen ofishinta. Ƙofar ba a rufe take ruf ba. Ta gilashi ya hango Auta a ƙarƙashin tebur tana zane. Wani ƙaton mutum, shugaban garejin kamfanin, yana tsaye yana murza hularsa.

"Ranki ya daɗe, ke dai ki faɗa masa. Bakinki ya fi nawa laushi."

"Tare da wa ya yi aiki duk shekarun nan?"

"Da ni. Shi ya koya mini riƙon sifana ma. Amma hannunsa na rawa yanzu, ba zai yiwu ya ci gaba da taɓa birki ba."

"To daga bakinka ya cancanci ya ji. Ka faɗi mai nauyin a jimlar farko, kada ka yi ta kewaye da shi yana zufa. Bayan nan ni zan yi masa bayanin inda za mu mayar da shi. Ka zauna nan, ni nan."

Ta jawo kujeru uku ta jera su nesa da tebur. Ta miƙo wa Malam Auta ta ƙofa, ta ce masa sannu da zuwa, ba ta ƙara komai ba. Wani dattijo mai baƙin mai a farce ya wuce shi ya shiga, aka rufe ƙofa.

Malam bai tafi ba. Bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga ƙaton nan yana magana kansa a sunkuye, ya ga dattijon ya ɗaure fuska, ya buga cinya, ya miƙe, ya sake zama. Manaja ba ta tsoma baki ba sai can. Da suka fito, idon shugaban garejin ya yi ja, dattijon kuwa yana gaba yana faɗa, "Da wani ka aiko mini, wallahi da har in mutu ba na gaishe ka." Bai yi murmushi ba, amma a bakin bene ya tsaya ya jira shi, suka sauka tare.

A hanyar gida Auta ta yi ta surutu, uban bai ji ko ɗaya ba.

Manaja ta dawo rana na shirin faɗuwa, ta cire takalmi tun a bakin ƙofa tana ɗingishi. Ya tare ta kafin ta aje jaka.

"Kin gaji?"

"Kamar an daka ni. Me ya faru?"

"Kin ce kina gefena."

Ta dube shi. Ta rataye jakar a jikin ƙofa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta bi bayansa.

Goggo na zaune a ɗakinta tana laluben ramin allura da zare. Ya zauna a ƙasa gabanta kamar yadda yake yi yana yaro. Manaja ta zauna dab da shi, kafaɗarta na taɓa tasa.

"Yau kuma taron me ake?" in ji Goggo. "Uwar ofis, korata aka zo yi?"

"Ni ba ni da magana, Goggo. Ɗanki ne ke da ita."

"Dogo? Wannan da ko kaza ba ya iya kora?"

Zance kala-kala ya zo masa, na zafin gari, na lafiyar jiki, duk hanyoyin kewaye. Ya ji ɗumin kafaɗar matarsa. Ya miƙa hannu ya karɓi allurar da zaren daga hannun Goggo, ya riƙe yatsunta.

"Goggo," ya ce, "idonki ba ya gani kamar da. Ran nan man gwiwata kika zuba wa Auta a cokali. Ba matata ce ta ce in faɗa miki don ta gaji da ke ba. Ni ne ɗanki, ni nake faɗa miki."