Layin Talata

Mu bakwai Baba ya haifa a birnin Safakis, kuma babu biyun da ke shan shayi tare da daɗin rai. Da ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce kullum sai mutum uku: biyu su ɗaga shi, ɗaya ya yi girki. In ba mu iya ba, sai gidan tsofaffi, wurin da Baba ya sha cewa gara kabari.

Ni ce malamar lissafi, sai aka jibgo mini rabon kwanaki. Na mai da kowannenmu ɗigo, kowace rana layi mai ɗigo uku. Ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina ce: kowane ɗigo biyu layi ɗaya tak ke haɗa su, kowane layi biyu kuma a ɗigo ɗaya suke gamuwa. Kowa kwana uku, kowane mutum biyu su ga juna sau ɗaya a mako. Wallahi abin ya yi kyau, har na nuna wa abokan aikina.

Ranar Juma'a, muna kan kuskus da kifi, Yaya Munsif, babbanmu, ya ga sunansa da na ƙaninmu Hadi a ranar Talata. Shekara tara ba sa magana kan wata bishiyar zaitun da ko 'ya'yan kirki ba ta yi. Ya ture kwanon ya ce in raba su.

"Ba ya yiwuwa, Yaya," na ce. "In na taɓa ɗigo ɗaya, duka zai rushe."

"To ki kira ɗigon naki ya zo ya wanke Baba, Malama."

Alhali yana yiwuwa mana. Da a ce na musanya Hadi da wani a ranar, da jadawalin ya yi muni, amma da Baba ya ci gaba da kwana a gadonsa. Na ƙi, don kawai kar a ɓata mini zane.

Munsif ya janye, kwana uku suka gurgunce. Sauran suka bi shi har da saurinsu, kowa da ciwon bayansa. Ƙyamarsu ta cika ni, ina kallonsu suna tsotsar ƙayar kifi.

Ranar da motar gidan tsofaffin ta zo, Baba ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, bakinsa a karkace.

"Najiba, su na san halinsu," ya ce. "Ke na ɗauka za ki gyara."